Takardar Koke Zuwa ga Mai Girma Hakimi Kan Ɓarnar da Aka Yi wa Makarantar Yamma ta Ƙauyenmu

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Allah ya ja zamanin Hakimi, ya ƙara maka lafiya da nasara, ya kuma ja kwanan Mai Martaba Sarki. Mu iyayen yara da 'yan kwamitin kula da makaranta da matasan da ke koyarwa a makarantar yamma ta ƙauyenmu, muna neman afuwa da izinin kawo kukanmu gabanka ta hannun Dagacinmu, domin abin da ya faru a daren Talatar da ta gabata ya fi ƙarfin haƙurinmu.

Ranka ya daɗe, a wannan dare masu gawayi suka shigo da mota da injin yanka, suka kayar da itatuwan ƙiryar da yaranmu ke zama a inuwarsu bayan la'asar suna koyon Turanci. Da suka zo juya motar, sai suka bi ta kan wurin rainon dashe suka murƙushe shi. Yaran nan su ne suka riƙa bin kasuwa suna tsince ledojin ruwa, suna cika su da ƙasa da taki, suna shuka irin darbejiya da zogale da dakwara, kuma da galan suke ɗebo ruwan ban-ruwa daga rijiya tun farkon rani. Da gari ya waye, kututture da fasassun ledoji muka tarar, allon da muka yi karo-karo muka saya kuma yana kife cikin rairayi. Wai da mai unguwa ya tare su, cewa suka yi suna da takardar izini. Muna roƙon a nuna mana wannan takarda, a kuma faɗa mana wanda ya sa mata hannu.

Ba don nishaɗi muka kafa wannan makaranta ba. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun shekara 9 na farko kyauta ne kuma wajibi, amma a firamarenmu malamai ba su wadata ba, har yaro ya kan gama aji 6 bai iya karanta layi guda na Turanci ba, alhali da Turanci zai rubuta jarrabawar WAEC ko NECO, kuma wanda bai ci darasin Turanci da kyau ba ƙofar jami'a a rufe take gare shi. Shi ya sa 'ya'yanmu masu takardar shaidar malanta ta NCE da na sakandare suka ɗauki nauyin koyarwar ba tare da ko sisi ba. Suka haɗa da darasin muhalli, tun da jiharmu ta Jigawa na cikin jihohi 11 da gwamnati ta sa a shirin Babbar Ganuwar Itatuwa na dasa itatuwa don tare hamada, wanda aka kafa wa hukuma a 2015, mu kuwa ba a rediyo muke jin labarin hamada ba, a gonakinmu muke ganin rairayi na binne shuka.

Mun sha kai ƙorafi. An je sakateriyar ƙaramar hukuma, an ga malamin daji, an rubuta, an sake rubutawa, kullum amsar ita ce za a duba. Ba ma zargin kowa, ranka ya daɗe, amma mota ba ta shiga ƙauye da dare ta fita da lodi ba tare da wani ya sani ba.

Muna roƙon Mai Girma Hakimi ya sa a binciko waɗannan mutane, a sa su biya ɓarnar, su kuma dasa madadin abin da suka sare. Muna roƙon a tabbatar mana da filin a rubuce, a kewaye shi da waya kafin saukar damina, domin dabbobi za su cinye ɗan abin da ya tsira. A taimaka a yi mana magana da sakataren ilimi ya turo ko da malamin Turanci ɗaya ko mai yi wa ƙasa hidima, a kuma ba mu rumfar kwano, tun da inuwar ta tafi kuma yaran ba su zauna karatu ba tun ranar Laraba. Ita kuma takardar izinin, muna sake roƙon a fito da ita a gaban Dagaci da jama'a.

Allah ya taimaki Hakimi, ya ƙara girma.

Mu ne talakawanka masu biyayya,
Iyayen yara, kwamitin makaranta da malaman sa-kai.