Godiya ga Maƙeran Panteka Kan Injin Datsa Ɗanyen Kara

Assalamu alaikum iyayenmu da 'yan'uwanmu maƙera da masu walda na Tsohuwar Panteka, Kaduna.

Mu masu kiwon shanu da tumaki muka ga ya dace mu gode muku a bainar jama'a, saboda kun gane abin da mutane da yawa ba su gane ba: injin niƙan busasshen abu daban, injin ɗanyen abu daban. Injin niƙa mai rariya, da an zuba masa ɗanyen karan masara ko ganyen dankali, ruwan jikinsu sai ya cakuɗe ya toshe ramukan, bel ya riƙa zamewa yana ƙauri, injin ya shaƙe. Ku kuwa kuka cire rariyar gaba ɗaya, kuka ɗaura wuƙaƙe uku a kan faifai mai nauyi, suna gilmawa ta bakin wani ƙarfe da ke tsaye, kamar almakashi.

Sirrin yana cikin tazarar da ke tsakanin wuƙaƙen da wannan ƙarfen. Idan ta haura milimita 1, ko wuƙa ta dakushe, kara ba ya yankuwa, tsagewa yake yi, zaren ya naɗe a sandar juyawa har ya cinye boris, wato ƙarfen da sandar ke juyawa a cikinsa. Shi ya sa muka ji daɗin ramukan noti masu tsawo da kuka yi, ana matso da ƙarfen bayan kowane washi. Wuƙar sifirin mota kuma tana riƙe kaifi.

Yankan yana fita santimita 1 zuwa 2, daidai da abin da ake buƙata don tsima ciyawa, wato adana ɗanyen abincin dabbobi a rufe har ya tsimu. A damƙi cikin hannu a matse: in ruwa ya ɗiga, a shanya na 'yan sa'o'i tukuna. Sai a danne a rami ko duro, a rufe da leda kada iska ta shiga, a bari aƙalla kwana 21. Dogon yanka ba ya dannuwa, iskar da ta maƙale ciki ce ke kawo fumfuna.

Mun kuma yaba da dogon maƙogwaron zubawa, wanda hannun yaro ba zai kai ga wuƙa ba. Wannan ya fi komai kwantar mana da hankali.

Roƙonmu ɗaya: ku sa wa kowane inji murfin bel, kuma ku riƙa tuna wa mai saye ya tsince dutse da waya, ya wanke ruwan ganye, ya sa giris kafin ya ajiye, don tsatsa ba ta jira.

Allah ya yi wa sana'arku albarka, ya tsare hannuwanku.

Naku,
Masu kiwo daga yankin Igabi