Bayanin Kwamiti Kan Ginin Ɗakin Kallon Taurari na Makarantarmu

Assalamu alaikum, 'yan uwa tsofaffin ɗalibai da iyayen yara.

Tun da aka buɗe ɗakin nan ake tare mu a ƙofar masallaci da wurin ɗaurin aure ana tambaya: ɗaki ɗaya tal, ina sauran kuɗin suka shiga? Haƙƙinku ne ku tambaya. Rasit ɗin kowane buhun siminti yana hannun ma'aji, mai son gani ya je ya gani. Abin da rasit ba zai iya faɗa ba shi muka zo bayyanawa.

Mun zaɓi bayan filin ƙwallo saboda ya yi nesa da fitilun titi. Bulo da yashi ba su ba mu wahala ba. Rufin kwano ne mai tayoyi, a tura shi sama ta buɗe, kuma mai walda na cikin gari ne ya haɗa shi.

Asarar da muka yi a kan ginshiƙin da madubin hangen nesa ke zama a kai ne. An zuba kankarensa haɗe da daɓen ɗakin. Daren gwaji malamin kimiyya ya saita duniyar Zuhal, ta fito tsaf da zobenta, sai wani yaro ya shigo da gudu daga ƙofa, nan take hoton ya kama rawa har ya ɓace. Madubin da ke girmama abu sau ɗari haka yake girmama girgiza. Dole ginshiƙin ya sami nasa tushen daban a cikin ƙasa, a bar rata tsakaninsa da daɓen da mutane ke takawa. Wasu dattawanmu sun ce a bar shi, a riƙa hana yara motsi. Wa zai tsayar da aji guda na yara cikin duhu kamar gumaka? Muka fasa, aka sake haƙa rami, aka sayi sabon rodi da siminti a lokacin da farashi ya riga ya tashi. Magini ba shi da laifi, abin da muka nuna masa ya yi. Mu ne ba mu tambayi masana tun farko ba, kuma mun ɗauki wannan.

Sai maganar suna. An yi ƙorafi cewa mun sa wa ɗakin sunan Bature, Gerard Kuiper. Ɗan tela ne daga wani ƙauye a Holan, an haife shi a 1905. Ya yi digirin digirgir a Jami'ar Leiden ta Holan a 1933, ya wuce Amurka. A zamanin da manyan masana suka fi karkata ga taurari masu nisa, shi ya duƙufa a kan duniyoyin da ke zagaya ranarmu. A 1944 ya gano cewa Titan, babban watan da ke zagaya Zuhal, yana da iska a kewaye da shi. Ya gano Miranda, watan da ke zagaya duniyar Yuranus, a 1948, da Nereid, watan da ke zagaya duniyar Neftun, a 1949. A 1960 ya kafa cibiyar binciken wata da duniyoyi a Jami'ar Arizona, kuma taswirorin wata da aka haɗa ƙarƙashinsa sun taimaka wa shirin saukar ɗan Adam a kan wata. Ya rasu a ƙasar Meziko a 1973. Tarin daskararrun abubuwan da ke bayan Neftun, inda ƙaramar duniyar Fuluto take, yau da sunansa ake kiransu. Yaranmu da yawa 'ya'yan teloli ne da manoma, mun so su san daga irin gidan da ya fito. Kuma Titan ɗin nan ana ganinsa da madubinmu, ɗigon haske a gefen zobe. Wata yarinya 'yar aji biyu ta ɗora ido a kai ta ƙi ɗagowa, sai da ƙawayenta suka ja mata hijabi.

Godiya ta musamman ga Alhajin da ya biya kuɗin madubin shi kaɗai, ya kuma roƙi a sakaya sunansa. Da ba don shi ba da ɗaki muka gina babu abin sawa a ciki. Allah ya jiƙan mahaifansa, ya ƙara buɗi. Haka Hajiyar da ta ciyar da leburori tun daga tushe har rufi, da tsohon malaminmu da ya yanko daga fanshonsa lokacin da aka fasa ginshiƙi, ranar da mu kanmu kunya ta hana mu sake roƙo. Allah ya saka muku da Aljanna.

Aiki bai ƙare ba. Hunturu na tafe, kuma ƙura ita ce babbar abokiyar gabar madubi. Idan ta kwanta a kansa aka goge da tsumma, ya karce ke nan. Muna buƙatar kabad mai rufewa ruf, da shinge don awaki sun fara kwana a jikin bango, da ƙaramar sola da jar fitila, domin farin haske yana kashe ganin dare. A yanzu da tocilan ake lallubawa, an ɗaure mata jar leda a baki. Mai buhun siminti ɗaya ya kawo, mai katako ya kawo, kafinta ko mai walda da zai ba da yini guda ma muna so. A miƙa wa ma'aji hannu da hannu, kada a tafi ba a karɓi rasit ba.