Yaro ya yi ɓarna, waye zai biya?

Malam Edita, assalamu alaikum.

Don Allah a ba ni ɗan fili, abun nan ya daɗe yana damuna wallahi. Da in yaro ya fasa gilashi ko ya ɓata bangon makaranta gudu yake ya ɓuya, yanzu kuwa shi da kansa zai ɗora bidiyon a intanet yana dariya don abokai su yaba masa. A 2021 haka aka yi a Amurka, ɗalibai suka dinga ɓalle famfo da madubi a banɗakunan makarantu suna sawa a TikTok har sai da kamfanin ya goge bidiyoyin.

Ni fa iyaye nake tuhuma, mu ke saya musu wayar nan sannan mu kau da kai, TikTok ɗin ma dokarsu sai yaro ya kai shekara 13 amma mu nawa muke dubawa? Kuma ka kai ƙara uban ya hau rantsuwa wai ɗansa ba zai aikata ba, alhali ga fuskarsa nan ƙuru-ƙuru a bidiyo. A sa uba ya biya kuɗin gyara, shi kuma yaron ya je ya wanke bangon da hannunsa.

Naka,
wani uba