Barka da Kirsimeti daga Romaniya

Mama barka da Kirsimeti! Ina gaishe ki da kyau, a gaida Kawu da Inna, da Yaya da iyalinsa, da autarmu. Na san yanzu haka an taso daga sujada, shinkafa na kan wuta, yara sun fita yawo da sabbin kaya cikin hazon nan na Wusasa. Ni kam bana Kirsimeti bai same ni a Ingila ba, kin tuna na ce miki cocinmu za ta tura mutane aikin bishara Romaniya, to Allah ya yi na samu hutu a asibiti na biyo su, yau kwananmu biyar.

A Timishwara muka sauka. Sanyin nan Mama ya fi na Ingila cizo, safa biyu nake sawa. Wani dattijo a cocin da ta karɓe mu ya zaga da mu gari, ya ce daga nan aka fara boren da ya kawar da shugabansu Chaushesku a Disamban 1989, kuma wai kan wani fasto aka fara, hukuma ta so ta kore shi sai jama'a suka taru suka kewaye gidansa. Ranar Kirsimeti ta shekarar aka harbe shugaban da matarsa. Ya nuna mana matakalar babbar majami'ar Otodoks inda aka harbi mutane, har yanzu ana kunna kyandir a wurin.

Da safen nan a wata ƙaramar cocin Baftis ta ƙauye muka yi sujada. Ba na jin yarensu ko kaɗan amma da suka ɗauko waƙa na gane muryar, irin wadda muke rerawa ce a gida, sai kawai na bi su da Hausa, tsohuwar da ke kusa da ni da ɗankwalinta ta riƙe min hannu har aka gama. Gaisuwarsu a coci "pache" ce, wato salama. Bayan an tashi suka ba mu wani abu mamaliga, Mama tuwon masara ne sak, miyar kuka ce kawai babu.

Amma abin da ya sa na zauna rubuto miki shi ne gidan marayun da muka je jiya. Ba irin manyan nan ba ne na da, gida ne ɗaya da yara kaɗan da mata masu kula da su. Ɗaya daga cikinsu ta ba mu labarin yadda abin ya samo asali. A 1966 gwamnati ta yi dokar hana zubar da ciki dan mutane su yi ta haihuwa, ga talauci, sai iyaye suka dinga miƙa wa hukuma 'ya'yan da ba za su iya riƙewa ba, lokacin da mulkin ya faɗi yara sama da 100,000 ne a irin gidajen nan. An rurrufe da yawa yanzu, abin ya gyaru sosai. Sai ta ce min yawancin yaran da ke hannunta ma ba marayu ba ne, iyayensu na nan da rai, babu ce ta raba su, wasu kuma sun tafi neman kuɗi ƙasashen waje ba su waiwayo ba. Wannan maganar ta taɓa ni dan ni ma neman kuɗin ne ya fito da ni.

Akwai wata yarinya ba za ta wuce shekara shida ba, tun da muka shiga ba ta kalli kayan wasan da muka kawo ba, kitsona take ta shafawa. Na zaunar da ita na yi mata kalaba guda huɗu, gashin sai zamewa yake saboda santsi, tana ta dariya. Da za mu tafi ba ta yi kuka ba, ta ɗaga hannu kawai ta koma ciki, kin ga alamar ta saba baƙi su zo su wuce. Ni ce na yi kukan a mota.

Duk daren jiya Kawu nake tunawa. Shekarata bakwai Baba ya rasu, mu huɗu, Kawu da ɗan albashinsa na malamin firamare ya kwashe mu ya haɗa da nasa, kwano ɗaya, ba wanda ya taɓa kiranmu marayu a gidan nan. Ban taɓa zama na yi masa godiya yadda ya kamata ba. Dan Allah Mama ki karanta masa wannan, ko auta ta karanta in idon ya dame ki.

Na yi magana da fastonmu, na ce ba na so zuwa ɗaya ya zama shi ke nan, na karɓi adireshin gidan zan dinga rubuta wa yarinyar, in Allah ya yarda kuma na dawo lokacin Ista. Ku sa ta a addu'a a zumuntar mata.

Na turo kuɗi ta hannun Yaya, a cire na maganinki tukuna, sauran a saya wa Kawu shadda mai kyau. Awa ɗaya kawai muka fi ku a nan, zan kira da ƙarfe takwas ɗinku, a sa wayar a caji.

'Yarki