Wasiƙa daga Aboabo zuwa ga ɗana a Akra

Assalamu alaikum ɗana,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya tare da iyalinka. Mu nan Kumasi lafiya lau, sai godiyar Allah. Mahaifiyarka ta kunna mini saƙon muryar da ka turo mata har sau biyu, na kuwa ji gajiya a muryarka. Ka ce tun da aka danƙa maka garejin kamfaninku ba ka yi barcin kirki ba: dattawa suna yi maka kallon ɗan jiya, yara kuma kullum idonsu na kan wayar salula, kafin su cika wata shida sun ajiye aiki. A waya ba na iya tsara magana, shi ya sa na zaunar da ƙanwarka ta rubuta.

Ka ce yaran yanzu ba su da haƙuri. Ni ma na daɗe ina faɗin haka, amma yanzu na daina. Lokacin da aka kai ni Suame Magazin, unguwar makanikai ta nan Kumasi, koyon kanikanci, shekarar farko ban taɓa injin ba. Shara, wanke sifana, ɗebo ruwa, sayo wa masta abinci. Ba mai yi maka bayani, da ido ake satar sana'a. Mun jure ne domin muna hango ƙarshen hanya: za a yaye ka, ka kafa rumfarka, ka yi aure da guminka. Yaron da ke ƙarƙashinka yau, me yake hangowa? Mai gidan haya a unguwar Nima ko Madina ta can Akra yana neman kuɗin shekara biyu a dunƙule, alhali doka wata shida ta ce. Kuɗin trotro, motar hayar zuwa aiki, ya cinye wani kaso na albashinsa tun bai sayi koko da ƙosai ba. Ka tuna Disambar 2022 da hauhawar farashi ta haura kashi 54 cikin ɗari. Kayan da suka hau a lokacin ba su sauko ba. In ya ga abokinsa mai kai saƙo a babur yana ƙirga kuɗi kowace yamma, shi kuma ba wanda ya gaya masa inda zai kai nan da shekara biyu, tafiya zai yi. Lissafi ya yi, ɗana, ba lalaci ba ne.

Akwai abin da ban taɓa gaya maka ba. Wajen shekara goma ke nan, aka kawo mini wata Corolla mai mutuwa a kan hanya. Kwana biyu ina fama, na canza filogi, na canza famfon mai, a banza. Sai wani yarona, shiru-shiru ne, ya ce: "Masta, da mun aro na'urar gwaji a maƙwabta mun jona a ƙarƙashin sitiyari, motar da kanta za ta faɗi ciwonta. Na ga yadda ake yi a YouTube." Mai motar yana tsaye. Kunya ta kama ni, na daka masa tsawa, na ce tun ba a haife shi ba nake kwance injin. Bai ce uffan ba, ya sunkuyar da kai yana goge hannu da tsumma. Bayan na tafi la'asar ya aro na'urar, ashe wata 'yar sansa ce, mai kai wa kwamfutar mota labari, ta lalace. Motar ta tashi, na karɓi kuɗin aiki, ban ce masa sannu ba. Bayan wata biyu ya yi mini sallama cikin ladabi. Yau garejinsa ya fi wanda na taɓa riƙewa girma, in ya gan ni har ƙasa yake durƙusawa. Duk sanda ya yi haka sai in tuna tsumman nan a hannunsa, abin yana ci mini rai har gobe.

Saboda haka wayar da ke ba ka haushi, ka fara duba abin da ake kallo a cikinta. Wanda ke wasa a bakin aiki, ka ja shi gefe ka tsawata masa, kada ka yi a gaban kwastoma ko a gaban sa'o'insa. Wanda ke bincike kuma, ka danƙa masa mota guda tun daga buɗe bonet har miƙa makulli, ka ce alhakinta na wuyansa. In ta yi kyau ka ambaci sunansa a gaban kowa. Ka zauna da kowane ɗayansu ka faɗa masa ƙarara abin da zai iya kafin a ƙara masa matsayi da kuɗi, da lokacin da za a duba. Kada ka yi alkawarin da ba a hannunka yake ba.

Haƙƙinsu kuwa ba alfarma ba ce. Dokar ƙwadago ta 2003 ta ce awa 8 a yini, 40 a mako, da hutun aƙalla kwana 15 na aiki a shekara. Kuɗin fansho na SSNIT, kashi 13 cikin ɗari na kamfani da 5.5 da ake cira a albashin ma'aikaci, ka bi sawu ka tabbatar yana shiga. Mu da muka yi aikin rumfa ba mu samu wannan ba, kai shaida ne kan yadda tsufa ya same ni. Albashi ya faɗa MoMo, asusun kuɗi na waya, a ranarsa. Yaron da ake ja wa rai a kan guminsa, duk daɗin bakinka ba zai saurare ka ba.

Sai dattijon da ka ce yana kiran ka "yaro" a gaban ma'aikata. Na san ciwonsa domin na yi irinsa. Shekara 60 na ƙarato masa, yana ganin kwamfuta na yin abin da ya ɓata ƙuruciyarsa yana koyo, ga sa'an ɗan cikinsa an ɗora masa a kai. Tsoro ne ke sa shi ɗaci. Kai za ka fara gaishe shi kowace safiya, ka kira shi Baba. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Duk sabon tsari, ka kai masa a keɓe ka ji ta bakinsa kafin ka sanar. Sannan ka haɗa shi da yaron da ya fi ƙwarewa a na'ura su riƙa aiki tare. Na'ura ba ta jin kukan giyar mota yadda kunnen tsohon bakanike ke ji, abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba. In dattijon ya ga ana bukatar kunnensa, shi da kansa zai tambayi yadda ake karanta allon.

Amma girmamawa tana da iyaka. Kada ka bari ya mayar da yaran 'yan aike, wannan sayo wake da shinkafa, wancan wanke mini babur, yini ya ƙare ba su koyi komai ba. Zagin iyaye da ɗaga hannu kuwa, ka hana tun ranar farko, ko wane ne ya yi. An yi mana, mun yi wa na bayanmu, ba alheri muka shuka ba.

Mahaifiyarka ta ce a gaya maka ka riƙa cin abinci kafin ka fita, kuma tana jiran jikokinta da babbar sallah. In ka zo zan raka ka garejin yaron nan ka ga yadda yake tafiyar da nasa yaran. Ni ma ina da maganar da na daɗe ina so in gaya masa, gara in faɗa kana wurin.

Ka gaida mai ɗakinka da yara. Allah ya yi maka albarka, ya ba ka ikon riƙe amanar da aka ɗora maka.

Naka,
Mahaifinka