Wasiƙa daga Sakkwato: ƙumbar teku a dutsen Kalambaina

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali. Ya ruwan Takoradi? Mu nan zafi ake yi, sai godiyar Allah.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami wani ɗan dutse ne da ke gabana yanzu haka. Makon jiya na raka ƙanena, wanda ke karatun ilimin duwatsu a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, muka je wajejen Kalambaina inda ake haƙar dutsen siminti. Muna tafe sai ya sunkuya ya tsinci wani abu da bai kai ƙwallon goruba ba, ya tofa masa yawu ya murza da babban yatsa. Sai ga zane kamar fure mai kunne biyar a bayansa. Ya ce, "Yaya, wannan bushiyar teku ce, kuma ba ta rayuwa sai a ruwan gishiri sosai." Na dubi ƙasar da muke tsaye a kai, busasshiya ƙamas, na rasa abin cewa.

Ashe wajen shekara miliyan 60 da suka wuce, wurin nan ƙarƙashin teku yake. Wani reshen teku ne marar zurfi, mai ɗumi, da ya ratso Sahara ya kwanta a kan ƙasar Sakkwato da Tawa. Halittu masu ƙumba da katantanwa suka yi ta rayuwa suna mutuwa, ɓawonsu na taruwa a ƙasa, laka na rufewa, nauyi na dannewa, har ya zama farin dutsen da ake toyawa a yi siminti. Na Malbaza ma, can Nijar, daga tekun nan ya samo asali.

Amma abin da ya fi kama ni shi ne yadda yake karanta kwanciyar ƙumbar, kamar mai karanta allo. Ya kai ni gindin wani yanki da aka datse, ya nuna mini wata 'yar shimfiɗa, kaurinta bai fi tafin hannu ba, cike da ɓawo a farfashe, gefensu ya side, a cakuɗe ba tsari. Ya ce wannan aikin igiyar ruwa ne: hadari ya taso, ruwa ya kwashe laka mai sauƙi ya bar ɓawo masu nauyi a tare, kamar yadda mace ke sheƙe hatsi iska ta tafi da ƙaiƙayi. Can sama kaɗan kuma muka ga wata ƙumba da ɓarinta biyu a haɗe, baki a rufe. Ita wannan a inda ta rayu aka binne ta, kuma da sauri, don da ta daɗe a fili da jijiyar da ke riƙe su ta ruɓe sun rabu. Ɓawon da ka ga duk sun kifa, doro a sama, ruwa mai gudu ne ya juya su. Wanda kuma ke da 'yan huje-huje, ya daɗe yana kwance a gindin teku, ƙananan halittu na cinsa. Na tsaya ina shafa dutsen nan, wallahi har tsigar jikina ta tashi.

Ya kuma ba ni labarin wani dodon ruwa mai kama da ƙaton guza da aka tono ƙasusuwansa a duwatsun da suka girmi waɗannan, aka raɗa masa suna Goronyosaurus, da sunan Goronyo. Mun yi shekaru muna bin hanyar nan ba mu sani ba.

To, ga roƙona. Kai da teku ke bayan gidanka, ran da aka kwana ana hadari, ka sauka bakin ruwa da sassafe ka duba inda igiya ta tara ɓawo. Ka lura mini, a kife suke ko a buɗe, kuma nawa ne ke da ɓari biyu a haɗe. Ka ɗauko hoto ka turo, ina so in ajiye shi kusa da dutsen nan in gwada. Idan Allah ya kawo ka da babbar salla, zan kai ka Kalambaina ka gani da idonka.

Ka gaida uwargida da yara. Su Inna suna gaishe ka.

Naka har kullum,
Amininka