Daga Alƙahira: Fitilun da Na Gani a Babul Khalƙ

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da su Inna. Ni ma lafiya lau, sai sanyin Misra da har yau jikina ya ƙi sabawa da shi. Ka yafe mini dogon shirun nan, karatu ne ya sha kaina.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau, ka tuna shekarar da muke bitar Suratun Nur a zauren Malam, muka iso ayar nan ta 35? Malam ya fassara mana: misalin haskenSa kamar alkuki ne mai fitila a ciki, fitilar tana cikin ƙarau, ƙarau ɗin kamar tauraro mai ƙyalli. Kai ka ce ai fitilar ƙwai ake nufi, aka yi ta dariya. To, ranar Asabar na je gidan tarihin kayan Musulunci da ke unguwar Babul Khalƙ, na tarar da mutanen da suka ɗauki ayar nan suka mayar da ita abin da ido ke gani. Ina tsaye gaban fitilun kai ne ka faɗo mini a rai.

Fitilun masallaci ne na zamanin Mamluk, waɗanda suka mulki Misra da Sham daga 1250 zuwa 1517. Misrawa suna ce musu mishkat. Siffarsu kamar tulu mai faɗin baki, tsayin yawancinsu bai wuce kamu ɗaya ba, ga ƴan kunnuwa a jikin cikin, galibi shida, inda ake maƙala sarƙoƙi a rataye su daga rufi. Ba a cikin tulun kai tsaye ake zuba mai ba. Wani ɗan ƙoƙon gilashi ake sakawa ciki, da ruwa, mai a samansa, sai lagwani. Ka ga aci-balbal ce dai, amma ta sarakuna.

Aikin ne ya ɗaure mini kai. Sai an hura gilashin ya huce, sannan a niƙa wani gilashin mai launi ya zama gari, a kwaɓa, a yi rubutu da zane da shi, shuɗi da ja da fari da kore, a shafa ruwan zinariya. Daga nan a sake mayar da ita wuta har launukan su narke su kama jiki. In wutar ta yi kaɗan launi bai zauna ba, in ta yi yawa tulun kansa ya lanƙwashe, wahalar kwanaki ta tashi a banza. A wasu fitilun, maimakon a rubuta harafi da launi, sai a cike kewayensa da shuɗi a bar harafin fayau. In an kunna lagwani, ta cikin haruffan hasken ke fitowa. Nan na daɗe a tsaye har mai gadi ya fara kallona.

A wuyan tulun ake rubuta ayar. A jikin cikin tulun kuma, inda ya fi faɗi, sunan mai gida ne: ɗaukaka ta tabbata ga shugabanmu sarki wane. Wannan ya ɗan ba ni dariya, don sunan ba ya ɓuya ko kaɗan. Manyan fadawa har tambarinsu suke sawa, na mai shayar da sarki hoton ƙoƙon sha ne, na magatakarda kuma gidan alƙalami. Mai kuɗi in ya yi wa masallaci hidima yana so a sani, ba yau aka fara ba. Da yawa daga cikin na nan daga masallacin Sultan Hasan aka kwaso su, wanda aka fara ginawa a 1356. Na je can ma, sarƙoƙi na nan reto daga sama, dogaye ƙwarai. Kuma ka tuna Mansa Musa ya ratsa garin nan a 1324, zamanin Sarkin Misra Nasir Muhammad ɗan Ƙalawun, lokacin da sana'ar take ganiyarta. Ina jin ya yi salla a ƙarƙashin irinsu.

Bayan 1400 sana'ar ta yi ta ja baya. Taimur, wani sarkin yaƙi daga Asiya ta Tsakiya, ya ci Dimashƙa ya kwashe masu sana'a zuwa Samarƙand, daga baya har sai daga Banis ta Italiya ake sayo fitilu. Yau wasu na London, wasu na Faris, wasu na New York. Na nan ɗin ma ba su tsira ba, don bam ɗin da ya tashi daura da gidan a Janairun 2014 ya farfasa wasu, sai 2017 aka sake buɗewa.

Na ɗauki hotuna, amma gilashin akwatin ya ɓata su, zan dai turo maka waɗanda suka fi dama. In ka je gaida Malam ka nuna masa, ka ce ɗalibinsa na neman addu'a, jarrabawa ta matso. Kuma don Allah kar ka manta da kuka da daddawar nan in ka sami mai tahowa.

Ka gaida kowa da kowa.

Naka,
amininka na Alƙahira